Yadda na sa Python ya amsa a Windows 11

Na girka Python 3.12, wato harshen rubuta manhajojin kwamfuta, amma duk lokacin da na rubuta `python` a tagar umarni (Command Prompt, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni), sai kantin manhajoji na Microsoft Store ya buɗe.

Umarnin `where python` ne ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Windows yana zuwa da wani ɗan fayil mai suna python.exe a jakar WindowsApps, aikinsa kawai ya tura mutum kanti. Shi kuwa Python na ainihi ba ya cikin PATH, wato jerin jakunkunan da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya tana neman umarni. Wanda ta fara tararwa shi take kira.

Na shiga Settings, na nemo App execution aliases, na kashe python.exe da python3.exe. Sannan na sake buɗe fayil ɗin girkawa, na zaɓi Modify, na yi alama a kan Add Python to environment variables, wanda ke saka Python a cikin PATH. Wannan ya fi mini gyara PATH da hannu, don harafi ɗaya ya kuskure an koma gidan jiya.

Sai ka rufe tagar umarnin ka buɗe sabuwa, tsohuwar ba ta ganin canjin. `python --version` ya fito da 3.12.