Yadda Marubuci Zai Ƙirƙiri Abin Kiɗa Mai Tsirkiya Don Labarinsa

Kafin ka zana komai, san hannun da zai riƙe abin kiɗan. Makaɗin da ke yawo a ƙasa ba zai ɗauki abin da sai mutum biyu sun ciccibe shi ba, wanda kuma yake kiɗa a fili cikin taro yana buƙatar amon da zai kai nesa. A zaune ake kaɗawa ko a tsaye? Da yatsa, da tsinke, ko da izga? Amsar nan ce za ta ba ka siffa.

Tun bayan tsarin da masana kiɗa Erich von Hornbostel da Curt Sachs suka fitar a 1914, an saba kasa kayan kiɗa masu tsirkiya gida huɗu. Akwai masu wuya, irin garaya da goge da jita. Akwai waɗanda tsirkiyoyinsu ke miƙewa sama daga cikinsu, dangin kora, abin kiɗan Afirka ta Yamma mai tsirkiya 21. Akwai masu hannuwa biyu da sanda a gicciye, kamar abin kiɗan Habasha mai suna kirar. Sai waɗanda ake shimfiɗa tsirkiyar a kan allo, kamar koto na Japan mai 13. Zaɓi gida ɗaya, ka sauya abu ɗaya ko biyu kacal. Wanda ya sauya komai yakan ƙare da abin da mai karatu ba zai iya hango shi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsirkiyar kanta. Abu uku ke sarrafa sautinta, kamar yadda Marin Mersenne na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17: tsawo, kauri, da ƙarfin ɗauri. Ka danne ta a tsakiya daidai, sautin zai koma irin na farko amma a sama, siriri. In kuma da ɗauri kake son kai ta can, sai ka ninka ƙarfin ja sau huɗu, galibi kafin nan ta tsinke. Don haka kada ka ba abin kiɗa mai tsawon tafin hannu murya mai kauri kamar rugugin hadari. Ga ma'auni: tsirkiyar jita tana kai wajen santimita 65, ta gogen Turawa kuwa wajen 33, shi ya sa muryarsa ta fi siranta.

Ɗaurin nan yana da nauyi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna jan jikinta da ƙarfin kusan kilo 70. In ka ɗora irinsu a kan ƙwarya da siririn gora, wuyan zai lanƙwashe ko ƙwaryar ta dare. Jiki mara ƙarfi sai tsirkiyar hanji, ko jijiya, ko siliki, ko gashin wutsiyar doki. Kuma kayan su zama waɗanda ake samu a duniyar labarin: mutanen bakin teku za su rufe cikin da fatar kifi, waɗanda ba su san ƙira ba kuwa ba su da tsirkiyar ƙarfe.

Kada ka manta da jaki, ɗan itacen da tsirkiya ke hawa. Ita kaɗai ba ta da amo, domin siririya ce, ba ta tura iska. Jaki ne ke kai girgizarta ga fata ko allo, cikin kuma ya kumbura sautin. Ƙaramin abu ne, amma in ya goce kiɗa ya tsaya.

A nan labari yake samun abin ci. Ba wa abin kiɗan rauni, ka san dalilinsa. Laima tana sa fata ta saki, jaki ya nutse, amo ya dushe, sai makaɗi ya kanga ta kusa da wuta yana ƙwanƙwasa ta da farce har ta sake ɗamewa. Sabuwar tsirkiyar hanji takan yi kwanaki tana miƙewa kafin ta zauna, saboda haka wanda tasa ta tsinke ana gobe zai yi wasa yana cikin matsala ta gaske. Izgar da ba a goga mata ƙaro ba sulɓewa take yi, sai huci kawai.

Sunan kuwa, gajere ya fi, gaɓa biyu ko uku, mai kama da amon abin. Faɗe shi da ƙarfi, sannan ka bincika ko akwai wani abu mai wannan suna.

Daga nan buɗe shafi guda a littafin ajiyarka: yawan tsirkiya, tsawo, kayan haɗi, wanda ya ƙera, wanda aka yarda ya taɓa, da shekarun da ake yi ana koyo. Shafin nan ne zai hana tsirkiya biyar ta babi na 2 ta zama bakwai a babi na 20. Kaɗan daga ciki ne zai shiga labarin. Kantar da ke kan yatsun makaɗi, da wurin da gumi ya baƙanta a wuyan abin, da yadda yake karkata kunne in yana saita tsirkiya, sun isa a fitowar farko. Sauran ka riƙe har sai ranar da fatar za ta tsage.