Yadda ake saita katin netwok na gigabit 10 a Linux ya ba da cikakken gudunsa

Katin netwok mai gudun gigabit 10 ya yi araha yanzu. Na gwanjo irin su Intel X520 da Mellanox ConnectX-3 suna shigowa Sakkwato, ana soka su cikin sabobin (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) makarantu, asibitoci da shagunan masu sayar da intanet. Abin takaicin shi ne a saka kati, fitila ta kama, a gwada, sai a ga gigabit 3 ko 4 kacal. Daga nan sai mutum ya ruga ya kwaso dogon jerin saitunan sysctl, wato saitunan cikin Linux, ya zuba, alhali sau tari ciwon yana ramin da aka soka katin ne, ko a zafin ɗaki. Fara daga ƙarfe, ka gangaro kan direba (manhajar da ke sarrafa katin), TCP (ƙa'idar aika bayanai a netwok) ya zo a ƙarshe. A misalan da ke ƙasa sunan katin enp3s0f0 ne. Duba naka da `ip link` ka musanya.

Awo kafin taɓa komai

Kada ka auna da kwafar fayil. Gigabit 10 daidai yake da megabait 1,250 a daƙiƙa, SSD mai amfani da SATA kuwa iyakarsa wajen 550, don haka faifan ne zai tsaya maka, katin bai ko fara gumi ba. Yi amfani da iperf3: a kwamfuta ɗaya `iperf3 -s`, a ɗayar `iperf3 -c 10.0.0.2 -t 30` (10.0.0.2 adireshin ta farkon ne a misalin nan), sannan ka maimaita da `-R` don juya alƙiblar, da `-P 4` don hanyoyi huɗu. Layi lafiyayye mai MTU 1500, wato fakiti mafi girma bait 1500, yana ba da kusan gigabit 9.4, ragowar kawunan fakiti ne ke cinyewa. Lura da sigar iperf3 ɗinka: waɗanda suka gabaci 3.16, ta ƙarshen 2023, ƙwayar firosesa guda suke ɗora wa dukkan hanyoyin, sai shirin awon da kansa ya zama shi ne cikas. Rubuta sakamakon a takarda. Daga nan abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka sake awo, ka rubuta.

Ramin PCIe

Nemo lambar katin da `lspci | grep -i ethernet`, sannan `sudo lspci -vv -s 03:00.0`, ka musanya 03:00.0 da lambar da ka gani. Layi biyu ne abin dubawa: LnkCap yana faɗin abin da katin zai iya, LnkSta yana faɗin abin da ya samu. X520 yana son layuka 8 na PCIe 2.0, kowane layi na ɗaukar gigabit 4. In ya samu layuka 4, gigabit 16 ke nan, sun ishi ƙofa ɗaya amma ba su ishi biyu ba. In layi ɗaya ya samu, to ga gigabit 3 ɗin da kake gani. Yawancin kwamfutocin tebur suna da rami mai tsawo wanda a ido kamar na layuka 16 ne, amma 4 ko 1 aka haɗa a cikinsa. Babu saitin direba da zai gyara wannan, sai an sauya rami. Wani lokacin kuma ƙura ce ta zauna a haƙoran katin: cire shi, goge haƙoran, hure ramin da iska, mayar da shi ya zauna daram.

Zafi, ƙura da kebul

Nan ne mutumin Sakkwato ya kamata ya fi natsuwa, domin an ƙera katunan nan ne don cikin saba, inda fankoki ke hura iska daga gaba zuwa baya ba tsayawa. Shi ya sa ba su da fankar kansu, sai ƙarfen shan zafi kawai. Ka saka irin wannan cikin akwatin kwamfutar tebur a watan Afrilu, waje ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, janareta ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, to layi zai riƙa yankewa yana dawowa da tsakar rana, da daddare ya zauna lafiya. In ka ga matsala tana bin agogo haka, kada ka zargi direba. Ɗaura ƙaramar fanka mai milimita 40 a kan ƙarfen, ko ta milimita 80 tana hura shi daga gefe. `dmesg` yakan nuna gargaɗin zafi daga direba, `ethtool -m enp3s0f0` kuma yana nuna zafin ɗan ƙarfen SFP+, wanda ake sokawa a ƙofar katin don haɗa faiba, da ƙarfin hasken da yake karɓa. SFP+ na yau da kullum iyakarsu digiri 70 ne, kuma bai kamata a bari su kusanci nan ba.

Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin faiba tana rage haske. Duk ƙofar da ba a amfani da ita a bar mata murfinta, duk bakin faibar da aka zare a goge shi da abin gogewarsa kafin a mayar, ba da bakin riga ba. Alamar wannan ciwo ita ce rx_crc_errors yana hawa a cikin `ethtool -S enp3s0f0`. Shi wannan adadi na kebul ne da haske, ƙara wurin ajiya a direba ba ya taɓa shi.

In saba da suwic suna cikin akwati ɗaya, kebul ɗin DAC, gajeren kebul na tagulla mai kan SFP+ a manne, mai mita 1 zuwa 5 ya fi komai: araha, ba zafi, ba ƙura. Tsakanin gine-gine, SFP+ nau'in SR a kan faibar OM3 yana kai mita 300, nau'in LR a kan faiba mai hanya ɗaya yana kai kilomita 10. Mai amfani da tagulla yana buƙatar Cat6a don mita 100, Cat6 bai wuce 55 ba. Katunan Intel sukan ƙi SFP+ na wani kamfani; a direban ixgbe ana sa katin ya karɓe shi da layin `options ixgbe allow_unsupported_sfp=1` cikin fayil a /etc/modprobe.d, a sabunta initramfs, kunshin da Linux ke lodawa lokacin tashi, a sake kunna kwamfuta.

Direba

`ethtool -i enp3s0f0` zai faɗi direba da sigar manhajar cikin katin. X520 ixgbe ne, X710 i40e, ConnectX-3 mlx4_en, ConnectX-4 zuwa sama mlx5_core. Wanda ya zo da Linux ya isa ga yawancin aiki; wanda aka ɗauko daga waje sai an sake gina shi duk sa'ad da aka sabunta kanel, wato zuciyar Linux, in aka manta kuma saba ta tashi ba netwok.

Fakiti in ya iso, katin yana ajiye shi a wani layin jira cikin RAM har firosesa ta zo ta kwashe. `ethtool -g enp3s0f0` yana nuna girman layin da iyakar da zai iya kaiwa. A ixgbe da gurbi 512 yake farawa. A cikakken gudu da fakitin bait 1500, sama da fakiti 800,000 ke shigowa kowace daƙiƙa, wato gurbi 512 suna cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Firosesa ta ɗan shagala, sai a fara zubarwa. Duba rx_missed_errors da rx_no_buffer_count a Intel, ko rx_out_of_buffer a mlx5, kafin gwaji da bayansa. In suna hawa:

`sudo ethtool -G enp3s0f0 rx 4096 tx 4096`

In ba sa hawa, bar shi yadda yake, domin dogon layi yana ƙara jinkiri. Umarnin nan yana yanke layi na 'yan daƙiƙu, kada ka buga shi lokacin da ɗalibai ke rubuta jarabawa ta kwamfuta, ko kana shiga sabar ta wannan ƙofar ba tare da wata hanyar ba.

Sai rabon aiki. Katin yana raba fakitoci zuwa layuka da yawa, kowane layi da ƙwayar firosesarsa. RSS ke nan. `ethtool -l` yana nuna yawansu, `ethtool -L enp3s0f0 combined 8` yana saita takwas. X520 ba ya raba RSS fiye da layuka 16. Yayin gwaji buɗe `mpstat -P ALL 1` ka kalli %soft. Ƙwaya ɗaya ta cika 100 sauran suna hutawa, ko dai hanyar TCP guda ce, wadda dama layi ɗaya take bi, ko kuma duk kiran da katin ke yi wa firosesa ta zo ta kwashi fakiti ya taru a ƙwaya ɗaya, abin da /proc/interrupts zai nuna maka. A saba mai firosesa biyu, karanta /sys/class/net/enp3s0f0/device/numa_node don sanin wadda katin ke maƙale da ita, ka tsayar da irqbalance, shirin da ke rarraba kiran da kansa, ka ɗaure kiran a ƙwayoyin wannan firosesar da set_irq_affinity da ke zuwa tare da direban Intel. Yawan layukan kada ya wuce yawan ƙwayoyin wannan ɓangaren. Ka kuma buga `cpupower frequency-set -g performance` don kada firosesa ta riƙa gyangyaɗi tsakanin fakitoci. Za ta ƙara shan wuta da zafi, mai dogaro da batir da sola ya sa wannan a lissafi.

Katin ba ya kiran firosesa a kan kowane fakiti, yana tara su tukuna. `ethtool -c` ke nuna tsawon jiran. A ixgbe, rx-usecs 1 yana nufin direba ya daidaita da kansa, kuma ga sabar fayil ko ta bidiyo haka ya fi. In firosesa ta gaji gwada rx-usecs 50 zuwa 100. In ƙarancin jinkiri kake nema ka rage. A `ethtool -k` kuwa, bar TSO, GSO da GRO, dabarun rage wa firosesa aikin fakiti, a kunne. Ɗan'uwansu LRO ne kaɗai abin tsoro: in kwamfutar tana miƙa fakitoci zuwa wani wuri, kamar rauta, gada ko mai ɗauke da kwamfutocin cikin manhaja, kashe shi da `ethtool -K enp3s0f0 lro off`, domin yana haɗe fakitoci ta yadda ba za a iya mayar da su yadda suka zo ba.

MTU da TCP

MTU 9000 yana rage yawan fakiti kusan sau shida, gudu ya kai wajen 9.9. Sharaɗinsa kowa a hanyar ya yarda da shi: kwamfutocin biyu da duk suwic da ke tsakani. Guda ɗaya ya tsaya a 1500, ping zai yi aiki, shiga saba zai yi, amma babban fayil ya maƙale. Tabbatar da `ping -M do -s 8972 10.0.0.2`, 8972 ɗin shi ne 9000 an cire bait 20 na IP da 8 na ICMP. A ganina a bar shi tsakanin saba da ma'ajiyar bayanai kawai, kada a kai shi layin ma'aikata.

Girman ma'ajiyar TCP lissafi ne: gudu sau lokacin zuwa da dawowa. Cikin gini, gigabit 10 sau milisakan 1 megabait 1.25 ne, abin da Linux ya zo da shi ya wadatar. Layi mai nisa mai milisakan 20 yana son megabait 25, a nan ne ake ɗaga net.core.rmem_max, net.core.wmem_max da adadi na uku na net.ipv4.tcp_rmem da tcp_wmem zuwa 67108864. Shi kuma net.core.netdev_max_backlog, da ke farawa da 1000, kada ka taɓa shi sai adadi na biyu a layukan /proc/net/softnet_stat yana hawa.

Yadda saiti zai ɗore bayan an ɗauke wuta

Duk abin da ka saita da ethtool yana gogewa da zarar kwamfuta ta mutu. Na sysctl sa su a /etc/sysctl.d/90-netwok.conf. Na kati kuwa buɗe /etc/systemd/network/10-kati.link, a ƙarƙashin [Match] ka sa MACAddress na katin, a ƙarƙashin [Link] ka sa RxBufferSize=4096, TxBufferSize=4096, CombinedChannels=8 da MTUBytes idan ka canza shi. Tarko ɗaya: fayil na farko da ya dace da kati shi kaɗai systemd ke bi, don haka ƙara Name=enp3s0f0, in ba haka ba katin zai iya tashi da wani suna, adireshinsa ya ɓace. Ɗaurin kiran firosesa da cpupower kuma sai an yi musu ƙaramin sabis na systemd da zai gudana bayan netwok ta tashi. Kammala da kashe sabar gaba ɗaya kana tsaye a gabanta, ka kunna, ka duba `ethtool -g` da `ethtool -l`, sannan ka sake iperf3 da misalin ƙarfe biyu na rana, ka gwama da adadin farko da ke takardarka.