Shawara ga malaman kimiyya kan koyar da tantanin ƙwayar halitta

'Yan'uwa malamai, idan ɗalibanku suna rikita tantanin ƙwayar halitta da bangonta, ku nuna musu bambancin da jar albasa. Ku ɓare siririyar fatarta, ku shimfiɗa a kan gilashi, ku ɗiga ruwan gishiri mai ƙarfi, sannan ku duba da madubin ƙara girman abu bayan 'yan mintuna. Za su ga jan ruwan ciki ya tsuke, tantanin ya janye daga bangon, domin ruwa yana ratsa tantanin zuwa inda gishiri ya fi yawa, alhali bangon, wanda aka gina da selulos mai tauri, yana nan daram. Idan kuka zuba ruwa zalla, ƙwayar za ta sake cika.

Daga nan ku bayyana musu cewa ƙwayar jikin dabba ba ta da bango, tantani kawai gare ta, na kitse da furotin, shi ya sa jar ƙwayar jini take kumbura har ta fashe a cikin ruwa zalla, kuma shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci yake ɗauke da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, don kada ƙwayoyin jini su kumbura ko su tsuke. A ganina wannan gwaji ya fi haddar zane amfani ƙwarai.