Ga ɗaliban da ke shirin gayyar yashe kwata

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu na sakandare a nan Garwa, ƙasar Kamaru, sun ce za su yashe kwatocin unguwa kafin damina ta sauka. Madalla. To ga abin da na koya lokacin da muka yi tamu gayyar.

Kafin ku ɗauki cebur, ku san inda sharar za ta je. Mu nan muka yi kuskure: muka tsamo laka da leda muka jibge a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito, aikin wuni guda ya tashi a banza. Ku nemi baro ko amalanke tun da wuri, ku kai sharar wurin da motar HYSACAM, kamfanin kwasar shara, ke kwashewa.

Ku je ku gaida mai unguwa, ku sanar da shugaban makaranta a rubuce. Idan mai unguwa ya sa baki, magidanta da kansu za su ara muku manjagara da cebur, wata baba ma ta aiko da kunu.

Zafin Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40, don haka ku fara bayan asuba, ku tashi kafin ƙarfe 10. 'Yan ajin jarrabawa a bar su da littafinsu, Mayu da Yuni na nan tafe.

Kada kowa ya shiga kwata da silifa ko hannu tsirara, akwai fasasshen kwalba da ƙusa mai tsatsa. Wanda ya yanke, a wanke da sabulu a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus.