Garin neman gira: kurakuran da ke ƙarasa tufafin da ake son cetowa

Yawancin rigunan da ake jefarwa saboda tabo, abin da aka yi musu cikin minti goma na farko ne ya ƙarasa su. Abu ya ɗiga a gaban riga, hankali ya tashi, sai a jawo tsumma a jiƙa a hau dirza. Dirzar nan tana tura dattin cikin zaren yadin, tana faɗaɗa shi, kuma tana tayar da gashin yadin har wurin ya koɗe. Ko tabon ya fita daga baya, shatin dirzar yana nan. Abin da ya dace shi ne a fara kankare abin da ke sama da bayan cokali, a sa tsumma fari mai tsabta a ƙarƙashin wurin, a riƙa dannawa ana ɗagawa, daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa. In za a zuba ruwa, a juya rigar a zuba ta ciki, domin dattin ya koma ta hanyar da ya shigo.

Sai ruwan zafi, wanda mutane da yawa ke ɗauka maganin kowane datti ne. Jini, ƙwai, madara da gumi duk furotin ne, kuma zafi dafa furotin yake yi. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun wajen digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, to haka jini ke kamawa a cikin zare in ya ji ruwan zafi. Irin waɗannan ruwan sanyi suke so, a jiƙa su na ɗan lokaci, sannan a shafa omo mai sinadarin enzayim, wanda ke narkar da furotin, a bar shi ya yi aiki kamar rabin awa. Jinin da ya riga ya bushe a farin auduga, ruwan haidurojin feroksayid na kemis mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 yana ɗaga shi. Za ka ga yana kumfa in ya taɓa wurin. Amma fa omo mai enzayim kada ya kusanci ulu ko siliki, don su ma furotin ne, sinadarin kuwa ba ya bambance jini da zaren rigar.

Mai kuma nasa halin daban ne. Ruwa kaɗai, mai sanyi ko mai zafi, ba ya ɗaga shi. A barbaɗa hoda ko garin sitati ya tsotse na sama, a kakkaɓe, a ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa a kan busasshen yadin, a murza a hankali da yatsa, sannan a wanke da ruwa mai ɗumi gwargwadon abin da yadin zai iya ɗauka.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna a wurina shi ne guga. An wanke riga, tana jiƙe ba a ga komai ba, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabon mai. An shanya, an ɗauko an ɗora mata dutsen guga ko an jefa ta injin busarwa. Shi ke nan, an gasa tabon a ciki. Duk rigar da aka yi wa aikin tabo, a bar ta ta sha iska ta bushe, a kai ta gaban taga a duba da kyau. In da saura, a sake. Ana iya maimaita wanki sau uku ko huɗu ba a yi asarar komai ba, amma guga ɗaya kan rufe ƙofar. Wanda zai kai wa masu wankin zamani ma, ya gaya musu abin da ya zube da abin da ya riga ya shafa. Ɓoye musu ba ya amfanar kowa.

Bilic na bukatar dogon bayani, domin ana yi masa kallon sarkin magani. Sinadarin kulorin da ke cikinsa yana narkar da ulu da siliki, yana kashe robar da ke cikin kaya masu talewa, kuma farin yadin roba yakan koma ruwan ɗorawa in ya sha shi. A kan tsatsa ƙara kama tabon yake yi. Tsatsa lemon tsami da gishiri take so, a shafa a shanya a rana, a ɗauraye sosai. Rawayan da ke fitowa a hammatar fararen riguna ma bilic ƙara masa duhu yake yi, saboda haɗuwar gumi ce da gishirin alminiyom na man hana gumi. Wannan sai a jiƙa shi a garin bilic mai iskar oksijin, wanda ba shi da kulorin, na wasu awanni. In kuwa bilic ya fantsama a riga mai launi ya bar farin ɗigo, babu wankin da zai gyara, domin launin ne ya tafi. A ɗauraye nan take don kada ya ci gaba da cin zaren, sannan a cike ɗigon da alƙalamin rina yadi, ko a rina rigar gaba ɗaya da launin da ya fi nata duhu.

Akwai kuma masu haɗe-haɗe, a ganinsu magani biyu ya fi ɗaya. Bilic da ruwan khal, ko da lemon tsami, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Bilic da amoniya ma guba suke fitarwa. A banɗaki mai rufaffiyar taga wannan ba abin wasa ba ne. Shi kuwa haɗin ruwan khal da bekin soda da ya cika intanet, ba ya cutarwa, sai dai ɗaya yana kashe ƙarfin ɗayan. Kumfar da ke burge mutane alamar hakan ce, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. A yi amfani da kowanne shi kaɗai. Kowane magani kuma, a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri kamar cikin kalmasar ƙasa. Ruwan goge farce mai asiton, alal misali, yana cire wasu tabo, amma yana narkar da yadin asitet da ake yi wa kwat shafi da shi har ya huda. Tawadar biro sifirit ya fi dacewa da ita, ana dannawa ana canja tsumman da ke ƙasa.

Ɗan ƙyallen nan da ke wuyan riga ko gefenta, wanda ake yankewa don yana ƙaiƙayi, shi ke ɗauke da rabin amsar. Alamomin da ke jikinsa ƙungiyar GINETEX ce, mai kula da alamomin wankin tufafi, wadda aka kafa a Faransa a 1963, ta tsara su. Kusurwa uku na nufin bilic, in an soke ta da gicciye to haramun ne. Hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kusan digiri 110, ɗigo biyu kusan 150, uku kusan 200. Kafin a yanke shi, a ɗauki hotonsa a waya.

In wani kaya ya zuba a kan fari a cikin wanki, kada a shanya. A ware mai zubar, a sake wanke wanda ya ɓaci tun yana jiƙe, in bai fita ba a jiƙa a bilic mai oksijin. Suwaitar ulu da ta ɗan tsuke, a jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi da man laushin gashi, a naɗe ta a tawul a matse, a shimfiɗa a riƙa ja a hankali har ta koma girmanta. Amma wadda ta cure ta yi tauri har ba a ganin saƙarta, ta tafi kenan, domin zaren ulu yana da ƙananan ɓawo da ke sarƙewa da juna in zafi da jijjiga suka haɗu, ba sa kuma warwarewa.

A ɓangaren allura da zare, abin da aka fi yi shi ne a kamo bakin huda biyu a haɗe a ɗinke. Wurin sai ya tattare, kuma da an sa rigar an miƙa hannu sai ta sake yagewa a gefen ɗinkin, don yadin da ke kewaye da huda ya riga ya yi rauni. Ɗinkin da ya farke a kan layinsa ne kawai ake mayarwa haka. Huda faci take so, wanda ya zarce ta da aƙalla santimita biyu ta kowane gefe, ya kama lafiyayyen yadi. Ƙyallen facin ya zama mai nauyi irin na rigar, a daidaita tsayuwar zarensa da nata, kuma a wanke shi tukuna in sabo ne. Sabon auduga yana tsukewa a wankin farko, ya ja tsohon yadin ya yaga. Zare mai ƙarfin tsiya a kan yadin da ya tsufa shi ma yanka shi yake yi. Kaya masu talewa kuwa ɗinkin zigizag suke so, miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake yi da an ja. Gam mai kama ƙarfe kada a fara shi: yana sandarar da wurin, allura ba ta shiga, tela ma sai dai ya yanke.

Zaren da ƙusa ta zaƙulo daga suwaita, hannu yakan yi saurin kai wa almakashi. Yanke shi buɗe huda ne. A sa allura a ja shi zuwa ciki, a ɗan miƙe yadin ta kowane gefe ya koma mazauninsa. Zif da ke buɗewa ta baya bayan an ja shi, galibi haƙoransa lafiya lau suke, kan ne ya saki. A matse shi kaɗan-kaɗan da filaya, ko a canja kan kaɗai. Mai cijewa kuma a goga masa bakin fensir. Maɓallin riga mai kauri, a sa tsinken ashana tsakaninsa da yadin lokacin ɗinki, a zare shi a ƙarshe a naɗe zaren da ke ƙasa sau biyar ko shida, don ya samu wuyan da zai shiga ramin ba tare da ya ja yadin ba.

Ƙananan hudojin da ake tararwa a kayan ulu bayan dogon ajiya aikin tsutsar asu ne, kuma ta fi bin inda gumi ko maiƙo ya taɓa. Ɗinke hudar ba tare da kashe ƙwan ba, wata za ta fito a gefe. A ƙulle kayan a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda, a wanke, a share akwatin ko durowar har kusurwoyinta, sannan a zauna ɗinki.