Yadda ake auna radiyeshin a ramin zinare da na'urar Geiger

Duk shekara sai na ga 'yan fiziks sun ɗauki wannan a matsayin furojet, su hau mashin har Anka ko Bukkuyum, su dawo da lambobin da ba za su iya karewa ba ranar difens. To ga yadda nake yi.

Geiger na'ura ce ta hannu mai ƙirga radiyeshin da ya shige ta. Kafin ka bar Gusau ka duba takardar kalibireshin ɗinta, wato shaidar an daidaita awonta. In ta daɗe ba a yi ba, a Ibadan ake yi, cibiyar da ke ƙarƙashin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya. Kar ka sayi 'yar araha ta intanet ka ce da ita za ka yi bincike, gara ka ara. Ka riƙe ƙarin batir, kuma ka gaida mai gari kafin ka fito da komai daga jaka.

Fara aunawa nesa da ramin, a gona ko fili, domin ƙasa da duwatsu da sararin sama duk suna fitar da nasu. A yawancin wurare za ka ga kusan 0.1 zuwa 0.2 maikrosibat (ma'aunin yawan radiyeshin da jiki ke samu) a awa. Da wannan za ka gwada na ramin. Na'urar kuma mita 1 daga ƙasa, ni sanda nake yankawa daidai tsawon, ba na yarda da ƙiyasin ido.

Yanzu ga inda ni kaina na sha kunya. Na kunna, na ga lamba, na rubuta, na wuce, wuri ashirin a awa ɗaya ina ta murna. Ashe radiyeshin ba kamar ma'aunin zafi ba ne, ƙirgen yana zuwa ne barkatai babu tsari, yanzu 14 a minti anjima 22 kuma wuri ɗaya kake tsaye ba ka motsa ba. Ka'idar ita ce in ka ƙirga 100 kuskurenka wajen 10 ne, kashi 10 cikin ɗari kenan, in ka kai 400 ya sauko kashi 5. Don haka ka tsaya. Ka bar ta ta zauna minti ɗaya, ka ɗauki karatu biyar ko fi a wuri guda ka haɗa ka raba da yawansu, ko rana na dukanka. Wuri takwas masu kyau sun fi ashirin na gaggawa.

Masu haƙa za su tambaye ka ko tana gano dalma, saboda gubar dalma da ta kashe yara a Zamfara a 2010. Ka faɗa musu gaskiya, ba ta ganowa, wannan gwajin jini ne da na ƙasa.

Geiger ba ta faɗin ko yuraniyom ne ko toriyom ko fotasiyom-40. Wannan sai ka ɗebi ƙasa ka shanya, ka daka, ka tankaɗe, ka rufe ruf a roba wajen sati huɗu, sannan ka kai CERT, cibiyar binciken makamashi da ke Zariya, a ɗora a na'urar sodiyom ayodaid, ita ce ke bambance su. Ka rubuta suna da GPS a jikin kowace roba tun a fili.