Yadda Ma'aikaciyar Jinya a Legas Za Ta Kare Kanta Daga Matsananciyar Gajiyar Aiki

Nas ɗin da ke zaune a Agege kuma take aiki a Idi-Araba takan bar gida da jijjifi domin ta tsere wa cunkoson motoci, ta dawo bayan isha'i ƙafafunta a kumbure. Idan haka ta ɗore, gajiyar takan wuce ta jiki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, mai alamomi uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo.

Mataki na farko shi ne ki auna kanki kamar yadda kike auna majinyaci. Ba'amurkiyar nan Dorothea Orem, wadda ake karanta nazariyarta a makarantun jinya, ta koyar da cewa mutum yana buƙatar jinya ne idan buƙatunsa na ruwa, abinci, hutu da cuɗanya da jama'a suka fi ƙarfin abin da zai iya yi wa kansa. Ki juya wannan ma'auni kanki: har mako biyu ki riƙa rubuta awannin barcinki da lokutan da kika ci abinci, ki kuma lura ko nishin majinyaci ya fara ba ki haushi maimakon tausayi.

Na biyu shi ne barci, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, amma wadda ta sauka daga aikin dare takan tarar da rana ta take, janaretan maƙwabta yana ruri, yara suna jiran karin kumallo. Ki sa labule mai kauri, ki nemi abin toshe kunne, ki kashe waya, ki daina cin goro ko shan kofi idan asuba ta gabato. Sannan ki zauna da maigida da sauran mutanen gida ki fahimtar da su cewa barcin ranarki shi ne darenki.

Na uku, ki tafi da abincinki da gorar ruwa daga gida. Wasu suna ƙin shan ruwa don gudun zagayawa ana tsakiyar aiki, wanda kuskure ne.

Na huɗu, ki buɗe baki. Abokan aiki da dama sun tafi Ingila da Kanada, nauyinsu kuma ya dawo kan waɗanda suka rage, don haka babu irin kula da kai da zai cike giɓin ma'aikata. Ki rubuta wa shugabar sashenki yawan majinyatan da kike riƙewa da dararen da kika yi a jere, ki nemi a gyara jadawalin, ki karɓi hutunki na shekara, idan kuma ba a saurare ki ba ki kai maganar ga reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya (NANNM) na asibitinku.

Idan baƙin ciki da rashin barci suka wuce mako biyu, ko kika fara tunanin cutar da kanki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba irin wannan. Kada ki ɗauki ƙwayar barci daga kabad ɗin sashenki ki sha da kanki.